Ranar da Na Yi wa Kunkuru Ta'aziyya

Duk abin da aka koya mana a wata bita da na halarta bai wuce na kaji ba. Ka narka allurar rigakafin da ake yi a Vom kusa da Jos, ka kama kaza, ka ɗiga mata ɗigo guda a ido, ka jira sai ta ƙifta. Shi ke nan, ka tare mata ciwon nan mai farin kashi da murɗe wuya da ke share akurki da hunturu. Amma da na fara yawo a Birnin Kudu da 'yar kula ta ƙanƙara, sai suna ya koma Likita. Ni kuwa ban ce a'a ba, har farar riga na ɗinka.

Farar rigar ce ta kai ni Gwaram. Wani Alhaji mai ɗawisu da talo-talo ya aiko, wai kunkurunsa ya daina cin abinci. Na iske shi a ɗakin ajiya, bisa siminti mai sanyi, ƙato kamar turmin da aka kife. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to wannan majinyacin ya shige da fuskar ciki. Na ɗora abin sauraren ƙirji a bayansa, shiru. Na ƙwanƙwasa, shiru. Na fito da ma'aunin zafi, wanda a jikin kaza yake nuna 41, na zagaya ta baya, na rasa ƙofa. Na taɓa ƙafa na ji ta yi sanyi ƙalau.

Na cire hula.

"Alhaji, sai haƙuri. Rai ya yi halinsa."

Alhaji ya yi salati, ya sa yara su fitar da shi tsakar gida kafin a haƙa rami. Aka kawo mini fura. Ina cikin bayanin yadda cutar ke kama hanta, mahaifiyarsa ta leƙo.

"Ɗan nan, gawar taka fa tana cin yakuwata."

Rana ce kawai ta dake shi. Daga baya na kira wani likitan dabbobi na gaske, ɗan jami'ar Zariya. Da ya gama dariya ya ce kunkuru, da damo, da guza, ba sa ɗumama jikinsu da kansu. In gari ya yi sanyi sai su lafe, cikinsu ya daina narka abinci. Bugun zuciyarsa kuma ba a jin sa ta ƙoƙon baya, sai da na'ura ta musamman.

Alhaji, mutumin kirki, ya biya ni kuɗin mota har da ƙari. A bakin zaure na ce, tunda na zo, bari in duba ɗawisun.

Ya riƙe hannuna gam. "A'a Likita, wannan da tsada na saye shi."