Mu 'Yan Ɗaya Ga Janairu

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce na ci majina. Ba bisa kuskure ba, ba kuma a ɓoye ba. A faranti aka miƙo mini ita, da ɗan cokalin roba, jama'a na tafi.

Ɗan maƙwabcina ne ya cika shekara biyu aka yi masa bazde. Gayyatar ta WhatsApp ta zo da sunayen yarana uku, wato ni ɗan rakiya ne. Uwargida ta ce ita da fita sai sanyi ya sauka, faso ya hana ta sa takalmi. Kafin mu bar gida sai da aka yi abin da ake yi kullum tun kamawar Disamba: a kamo yaro, a danne, a mulke shi da bazilin har ya koma kamar ƙosan da aka tsamo yanzu, sannan singileti, riga, rigar sanyi, wata rigar sanyin, hula, safa. Autana in an gama naɗe shi ba ya iya sauke hannuwa, haka yake tafe a bubbuɗe kamar ɗan damben da ke neman abokin karawa. Rigarsa ta sama gwanjon Ƙofar Wambai ce, an zana mata barewa mai jan hanci tana ratsa dusar ƙanƙara. Wani yaro a wata ƙasa ya gama Kirsimetinsa da ita, mu nan da ita ake zuwa Islamiyya.

Muka tarar an rataye balan-balan a tsakar gida, kowacce ta riga ta sha hoda da ƙurar nan da ake cewa tun daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, ba biza ba fasfo. Ranar ko hasumiyar masallacin unguwa ba a hangowa. Yara sha uku na ƙirga, duk a naɗe kamar nawa, in ban da mutum ɗaya: mai bazden. Shi an tuɓe masa rigar sanyi saboda mai hoto ya ce za ta ɓata hoto. Aka bar shi da 'yar shat mai gajeren hannu, da gajeren wando, da wani ɗan ƙulli a wuya irin na masu raba abinci a otal. Leɓe ya tsage, gwiwa ta yi furu-furu, 'yan haƙoransa na kaɗawa, ana ce masa ya yi murmushi.

Sai uwar gayya. Duk mai ƙananan yara ya san majinar hunturu ba ta sharuwa, sai dai a ba ta hutun minti biyu. Ta wannan yaro layi biyu ce, lamba sha ɗaya cif, ta wuce matakin ruwa-ruwa ta kai na kauri, launin miyar kuka. In ya ja numfashi ta koma ciki, in ya sauke ta leƙo, kamar mai bin bashi da ke duba ko maigida ya dawo. Uwar ta share da gefen gyale, ta juya karɓar wuƙa, kafin ta waiwayo an dawo bakin aiki.

Aka kunna kyandir biyu, iska ta kashe. Aka sake, ta sake. Sau uku iskar hunturu tana yi wa yaron nan aikinsa kyauta ana ƙin karɓa, sai da manya suka yi wa kek ɗin katanga da jikinsu. Aka rera waƙar Turancin nan, kowa da inda ya kama. Sannan aka ce, "Hura, ɗan albarka, hura!"

Ɗan shekara biyu ina ya san ta inda ake hura wuta? Ya tattara ƙarfinsa, ya rufe baki gam, ya hura ta hanci. Wata kumfa ta fito, ta kumbura, ta yi sheƙi a hasken kyandir, har na ga mai hoto ya gyara tsayuwa, ina jin ya ɗauka cikin kayan ado take. Ta fashe. Atishawa ta biyo baya. Kyandir ko gezau, amma kek ya sha yayyafi. Nan wata baiwar Allah ta kawo shawarar da ta ƙarasa mu: "Ku taya shi mana!" Yara sha biyu suka yi caa, kowa da irin murar gidansu, mai tari, mai toshewar hanci, mai wadda ta kwana uku, mai wadda ta daɗe har ta zama 'yar gida. Nawa uku suna sahun gaba. Wuta ta mutu, aka rangaɗa guɗa.

Da aka zo rabo sai aka tuna da tarbiyya. "A fara da manya." Ni ne babba. Ɓangaren da ya fuskanci mai bazden, inda sheƙin ya fi yawa, shi aka yanko mini. "Alhaji, bismilla, kada ka ce ba ka cin zaƙi." Na duba hagu na duba dama, ba akuya ba kaza. Na yi bismillar da ban taɓa yin mai ikhlasinta ba.

Mu fa da muka taso, hura koko laifi ne. In ya yi zafi a juya shi da ludayi har ya huce. Ka kai baki ka hura, Inna ta kai maka ranƙwashi, malamin allo ya ƙara maka da cewa an hana. Yau ga mu muna biyan kuɗin da zai sayi gawayin da zai fitar da gida daga sanyi, don yara sha uku su tofa wa abinci, mu tafa, mu ci. Aka bi da askirim da lemo mai raɓa daga firji, a Janairu, daga hannun iyayen da ko ruwan randa ba sa bari yaro ya taɓa sai an sirka. Ranar Litinin da magariba na je kemis sayen maganin tari, na tarar da mahalarta taron kaf a layi, muka gaisa kamar an dawo cin ragowar walima. A gidana yanzu tari ake yi da tsari, babbar ta ba da waƙa, ƙananan su amsa, har asuba, ɗaki na tashin Robb.

A hanyar komawa gida ranar bazden ne babbar ta tambaye ni, "Baba, kai yaushe ne bazdenka?" Na ce 1 ga Janairu. Ta ce, "Laa, irin na malaminmu! Da baban ƙawata. Da mai gadin makaranta." Na ce haka ne, muna da yawa.

Muna da yawa kuwa. Kowace sabuwar shekara Facebook kan tashe ni da albishir wai rabin abokaina yau aka haife su. 'Yan ajinmu na firamare, abokan aiki, limaminmu, mai gyaran motata. In da gaske ne, to daren 31 ga Disamba duk matan Arewa suke durƙusawa lokaci guda. Ka hango unguwarzoma ɗaya tilo a unguwa, reza ƙulle a bakin zani, tana tsallaka katanga daga wannan gida zuwa wancan cikin ɗari. Ka hango itacen da za a ƙona a wankan jego, da darbejiyar da za a yi wa aski tas, da ragunan da za su faɗi ranar 8 ga wata. Wanzamai sai an ɗauko haya daga Nijar. Sannan ka ƙirga wata tara baya, ka faɗa farkon Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da magidanci ke kwana a tabarma a ƙofar gida don ko inuwar mutum ba ya son ta taɓa shi. Wannan lissafin na bar wa malaman jami'a.

Ni dai a gida aka haife ni, a ɗakin kakata, da Inna ta je goyon ciki. Ba wanda ya rubuta komai. Kuma ni ɗan fari ne, don haka wadda ta fi kowa sanin ranar ita ce wadda ba a tambaya. Na taɓa gwadawa sau ɗaya, ina cike fom. Ta dubi bango, ta tambayi ƙanwata ko "wancan" ya ci abinci. Gwaggo ce ta ce shekarar da aka kashe Murtala ne, ana tsananin ɗari, don ba ta manta yadda unguwarzoma ta tsaya ɗumama hannu a kasko ana ce mata ta yi sauri. Janar Murtala ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1976 aka harbe shi, to an samu bakin zare. Sai Kawu ya ce sam, shi da sule biyu ya yi barka, sule kuwa ai naira ta kore shi tun 1973. Gwaggo ta ce kwabo goma ma ai sule aka ci gaba da ce masa, shi dai ya fito ya faɗi cewa barkar tasa ba ta da auki. Daga nan zance ya bar kaina ya koma kan wata gona.

Da aka kai ni makaranta, hedimasta bai tsaya jin wannan ba. Ya ce in ɗora hannun dama ta saman kai in kamo kunnen hagu. Na kamo, ya ce shekara shida. Da aka zo neman takardar shekaru a kotu, magatakarda ya tambayi wata da rana, muka dubi juna, ya rubuta abin da ya rubuta wa na gabana da na bayana. A danginmu akwai ƙanen da ya girmi wansa da shekara biyu a takarda, akwai kuma wanda sai da ya kusa ritaya ya gano ashe shi yaro ne. Iyayenmu sun riƙe lokaci, a jikin suna suke ɗaure shi. Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Jummai, Asabe, kowa na yawo da ranarsa a goshi. Azumi ta san watanta, Sallau ya san tuwon da aka tuƙa ranar, Anaruwa ya san yanayin da ya tarar. Sai dai fom ɗin banki ba shi da gurbin "ana ruwa".

To mu a yi mana uzuri, zamaninmu ne. Abin da ya tsaya mini a wuya fiye da kek ɗin shi ne na san daren da aka haifi mai bazden nan, don ni aka buga wa ƙofa ƙarfe uku. Kwana biyu uwarsa tana naƙuda a ɗaki. Wata tara ko sau ɗaya ba ta je awo ba, saboda maigidan ya ce su a gidansu ba a haihuwa a asibiti, iyayenmu da suka haife mu a ɗaki me ya same su? Yaro ya faɗo, mabiyiya ta ƙi, jini ya ɓalle. Iya unguwarzoma, Allah ya saka mata, ita ta fito zaure ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a nemo mota yanzu. Na tuƙa cikin hazon da fitila ba ta huda shi, tana kwance a baya a cinyar surukarta, tun tana salati har ta daina. Gari ya waye muna bin dangi a waya ana neman mai jini irin nata. Da ta dawo gida, jiki ba ƙwari, aka ɗora tukunya: tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kunun kanwa kofi-kofi, alhali tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna yadda kanwar nan da gashin nan ke kumbura mai jego su kassara mata zuciya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma, cikin haihuwa goma fiye da takwas a gida ake yin su. Wasu asibiti ne ya yi musu nisa. Namu da ƙafa ake zuwa.

Me ya same su? Ya je ya tambayi waɗanda aka raɗa wa suna uwa na kabari.

Shi ne mutumin nan ranar Asabar ya sa hular takarda mai tsini, roba ta ɗaure masa haɓa, yana busa wani ɗan usur mai miƙewa. Iyayenmu da suka haihu a ɗaki, wace ce a cikinsu ta yanka kek? Awo ne baƙon abu, balan-balan kuwa gadon kaka da kakanni.

Iya ma tana wurin, an shimfiɗa mata tabarma a gefe. Da aka miƙa mata nata ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Wannan sadakar mece ce?" Aka ce bazde ne, yaron da kika karɓa ne ya cika shekara biyu yau. Ta ce yau kuma? Uwar ta ce ai 14 ga wata ne, uban ya ce 17, ƙarshe dai ta bayyana Asabar ɗin ita ce ranar da mai hoto ke da sarari. Na tambayi takardar haihuwar nan ta Hukumar Ƙidaya, uban ya ce za a yi. Hoto ɗari a waya, takarda ko ɗaya. Na dubi yaron yana lasar lamba sha ɗayansa, na ce a raina kwantar da hankalinka ɗana, ranar da wayar ta faɗa ruwa akwai gurbi a wajenmu, 1 ga Janairu ba ta cika.

Yanzu yarana sun ƙulla cewa baɗi sai an yi mini nawa. Har sun raba aiki, babbar za ta riƙe wuƙa, ƙananan biyu su taya ni hurawa. Uwargida ta fara tambayar farashi. Na ce na yarda, da sharaɗi ɗaya: a kira Gwaggo da Kawu su zauna su daidaita a kan kyandir nawa za a dasa. Rabon da su gaisa tun maganar gonar nan.