Bayani a kan Nasabar CBG, Uwar Gidan Wiwi

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, ganyen wiwi gida ne mai iyali fiye da ɗari, kuma ba dukansu ne 'yan iska ba. Wanda ya ɓata wa gidan suna shi ne THC, mai sa ƙato ya tsaya yana gaisawa da falwaya. A ƙuryar ɗaki kuwa akwai wata dattijuwa, CBG, wadda ba ta bugarwa.

Gaoni da Mechoulam ne suka zaƙulo ta a Isra'ila a 1964, shekarar da suka bayyana siffar THC. Duniya ta bi ɗan, ta manta da uwar. Ba da ka na kira ta uwa ba. Tun tsiro yana ƙarami, sinadarin CBGA, wato ita CBG a siffarta ta farko, shi ne ke rikiɗa ya zama tushen THC da ɗan'uwansa CBD, kafin ganye ya ƙosa ta rabar da kanta, abin da ya rage a galibin iri bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

A babin fa'idodinta, yawancin shaidu ɓeraye ne. A Jami'ar Reading ta Ingila, a 2016, an ba ta ga ɓerayen da suka riga suka ƙoshi, sai suka koma kan abinci suka ci ninki biyu. Ba a taɓa sanin ɓera da kunyar ci ba, amma dai an rubuta. A 2020 masana a McMaster ta Kanada suka ga ta kashe ƙwayar cutar MRSA mai taurin kai, nan ma a jikin ɓeraye. Sai a 2024 Jami'ar Jihar Washington ta ba mutum 34 miligiram 20. Damuwarsu ta ragu, ba wanda ya bugu, har sun fi tuna kalmomin da aka karanta musu. Kurɓi ɗaya ke nan, ba shan shekara ba.

Masu shan ta sun ambaci bushewar baki, gyangyaɗi da yunwa. Tana taɓa mashigar alfa-2 da wasu magungunan hawan jini ke bi, don haka mai shan su ya ga likita. Ba a gwada ta a kan mai juna biyu ba, kuma kwalabenta na kasuwar Amurka wani lokaci sukan zo da ɗan a ɓoye.

Dokar Najeriya kuwa ba ta tantance uwa da ɗa. Wanda jami'in NDLEA ya tare da kwalba yana iya fara karanta masa wannan nasaba, zai samu isasshen lokacin ƙarasa ta a ofis.