Ijtihadina a Cikin Akwatin Kwamfuta

A bazarar da ta wuce, sa'ad da zafin Kano ya haura digiri 40, har inuwar darbejiya ta daina amfanar mai neman mafaka, sai kwamfutata ta kan tebur ta ɗauki wata muguwar ɗabi'a, ta yi gurnani, ta yi nawa, sa'an nan ta mutu ba sallama, alhali ina tsakiyar rubutun da ban adana ba. Da na duba ma'aunin zafin ƙwaƙwalwarta sai na ga 95, wato saura ƙiris a dafa shayi.

Maimakon in nemi fatawar ma'abota sani, sai na yi ijtihadi, na yi ƙiyasi da ɗakin kwanana, cewa idan fanka ɗaya tana kawo sassauci, lalle huɗu hunturu za su kawo. Na sayo uku masu faɗin milimita 120, na kwance murfin akwatin, na tarar ƙurar bara ta lulluɓe ragar gaba tamkar bargo, amma ban taɓa ta ba, domin ni iska na zo ƙarawa, shara kuwa ba aikin malami ba ce. Na ɗaure biyu a gaba, ɗaya a sama, kuma saboda son baƙi su ga abin da na kashe wa kuɗi, wanda malamai suke kira riya, na juyo da gefen mai tambari waje. Na kunna. Kafin la'asar ta mutu sau uku.

Ina cikin wannan musiba sai ga ɗan ƙanwata, yaron da ko gemu bai tsiro ba, ya durƙusa ya gaishe ni, ya leƙa akwatin, ya tashi shiru ya aro kaskon turaren uwargida, ya riƙe shi a gaban kwamfutar. Hayaƙin da ya kamata ta zuƙa sai ya komo fuskata, har na sarƙe.

"Kawu, Allah ya ba ka haƙuri," in ji shi, "ai duka huɗun fitarwa suke yi. Ta ina za ta shaƙa?"

Ya nuna mini wasu 'yan kibiyoyi biyu a jikin kowace fanka, ɗaya na juyi, ɗaya na inda iska take dosa, waɗanda na zata ado ne. Ya karanta mini mas'alar dalla-dalla, cewa iska ta gefen tambari take fita, mai sanyi ta gaba ake shigo da ita, mai zafi kuwa, tun da ɗabi'arta tashi sama, ta baya da sama ake sallamarta. Ya juya na gaban, ya kakkaɓe ragar, ya janye akwatin daga jikin bango kamar taƙi guda, zafi ya sauko 70.

Na ce masa daman jarraba shi nake yi. Ya ce, "Na sani, Kawu," ya karɓi kuɗin adaidaita. Uwargida kuwa har yau ba ta yarda cewa kwamfuta aka turara da hawin da take ɓoyo domin Sallah ba.