Masu Rina Kalanda

Tun da Google ya fito da kalandarsa ta intanet a watan Afrilun 2006, aka samu sababbin marina a gari. Ba su da karofi a Ƙofar Mata, hannunsu ba ya yin shuɗi, amma kullum suna cikin rini. Dabarar tana da sauƙi. Ka yanka yini gida-gida, kowane aiki ka ba shi gurbinsa, kowane nau'in aiki ka ba shi launinsa, yadda da kallo ɗaya za ka ga inda makonka yake zurarewa. Manhajar tana ba ka launi 11 na shafa wa ayyuka, waɗanda masu ita suka raɗa wa sunayen tumatir da ayaba da inabi da makamantansu. Abin da ba ta bayarwa shi ne hali. Kowa da nasa yake zuwa, kuma kalandar ba ta rufa wa kowa asiri.

Shugaban marina shi ne mai ado. Daren Lahadi bayan Isha'i yake zama, ya haɗa shayi, ya buɗe kwamfuta. Aikin ofis shuɗi, karatu kore, iyali ruwan hoda, neman kuɗi ruwan ɗorawa. Sai ya iso kan zuwa gaishe da surukai, ya tsaya cak. Iyali ne, ko kuwa dole ce? Idan dole ce ai ja ya kamata. To amma ja na oga ne, kuma bai dace a haɗa suruki da oga a launi ɗaya ba. Kafin ya yanke hukunci sha biyun dare ta gota, gurbin da ya rubuta wa "barci da wuri" ya wuce yana kallo. Da safe zai ɗauki hoton kalandar ya ɗora a WhatsApp, jama'a su yi ta masha Allah. Ka tambaye shi rahoton da aka ce ya kawo ranar Litinin, zai nuna maka gurbinsa. Gurbin kam ya yi kyau.

Maƙwabcinsa a tebur shi kuma launi ɗaya ya sani, ja. Biyan kuɗin makaranta ja, sayen kati ja, aski ja. An daɗe da gane cutarsa. Ana danganta wa Eisenhower, tsohon shugaban Amurka, rarrabe abu mai gaggawa da abu mai muhimmanci, kuma Stephen Covey ya yaɗa wannan rabo a littafinsa na 1989 da ya yanka ayyuka gida huɗu. Mutuminmu ya rushe katangun ya mayar da su falo ɗaya. Tunda komai nasa gaggawa ne, abin da ya fi ƙara a kunne shi yake yi, wato amsa waya.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai ja da yatsa. Masu ƙera manhajar sun yi masa gata da suka sa ana danne aiki a ja shi zuwa wata rana ba tare da an goge ba. Akwai wani koren akwati a kalandarsa mai suna "motsa jiki" da yake tafe tun Janairu. Ya kwana a Litinin, ya wayi gari a Laraba, ya yi azumi a hanya, ya yi Sallah ƙarama da babba, har yanzu takalmin gudun yana cikin kwali. Ba ya taɓa cewa ya fasa. Ɗagawa ya yi. A 1979 masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka bayyana yadda mutum yake raina lokacin da aiki zai ci, ko da kuwa ya sha yin irinsa ya ga yadda ya kaya. Shi ya sa bawan Allah yake ware minti 30 don rubuta babi guda na kundin digirinsa, da zuciya ɗaya kuwa.

Sai mai ƙididdiga, wanda ya karanta labarin Francesco Cirillo, ɗalibin Italiya da ya ɗauki agogon kicin mai siffar tumatir a ƙarshen shekarun 1980 ya riƙa aikin minti 25 yana hutun minti 5. Dabarar tana aiki ga mai ɗaki da ƙofa. Namu ya jera akwatuna daga Asuba zuwa Isha'i, babu ko tsagar da allura za ta shiga, ya manta garin da yake zaune. Bai ware wa gaisuwa komai ba, alhali daga bakin ƙofa zuwa bakin titi akwai dattawa uku, kowanne sai ya tambayi gida da yara da gajiya. Bai ware wa cunkoson hanya ba, bai ware wa ɗauke wuta ba. Yana tsakiyar minti 25 ɗinsa sai sallama, kawu ne daga ƙauye da jakarsa.

"Kawu, sannu da zuwa. A ɗan ba ni minti goma sha biyu."

"Minti me? Kai ɗan nan, lafiyarka kuwa?"

Daga nan yinin ya rushe, domin duk akwatin da ya goce sai ya ture na bayansa.

Akwai mai ƙaura, wanda duk wata yake gano cewa laifin manhaja ne: daga Google Calendar zuwa Outlook, daga can zuwa Notion, kowane tashi da kwana biyun jera kaya. Akwai mai kashe ƙararrawa, wanda yatsansa ya ƙware har yana share tunatarwa bai karanta ba. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani.

Mai wayo kuwa sai an lura. A ofishin da kowa ke ganin kalandar kowa, ya gane cewa farin gurbi gayyata ce. Don haka ya cika Talata da Alhamis da ruwan toka, ya rubuta "ganawa". Babu wanda yake ganawa da shi. Wani lokaci aikin gaske yake yi a ɓoye, wani lokaci yana wajen mai tsire. Ban cika ganin laifinsa ba, domin wanda yake gudu ya fi shi ɓarna, wato ogan da yake aiko gayyatar taron ƙarfe goma, ya shigo sha biyu saura, ya ce a taƙaita saboda lokaci. Taron da aka ba awa biyu sai ya cinye awa biyun ko da maganar ta minti goma ce, abin da Northcote Parkinson ya yi wa ba'a a mujallar The Economist tun 1955.

A cikinsu duka, wadda na ga kalanda tana yi wa aiki wata tela ce mai ɗinkin mata. Launi uku gare ta: ranar karɓar kaya, ranar bayarwa, sai hidimar gida. Ba ta rubuta ƙarfe kaza sai dole, "bayan La'asar" take sawa. Kowane yini tana barin kusan rabinsa fari, don ta san biki da suna da rasuwa ba sa neman izini. Idan azumi ya raba, ta duba ta ga gurbin bayarwa ya cika, sai ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, sai bayan Sallah," ko nawa aka ɗora mata. Kalandarta ba ta da kyan da za a ɗauke ta hoto, amma ita kaɗai ce a cikinsu take amfani da ita wajen cewa a'a.

Ku kuma ranku ya daɗe masu aiko gayyata, don Allah a riƙa duba rana kafin a danna. Taron ƙarfe ɗaya da rabi ranar Juma'a, ko wane launi aka shafa masa, ba za mu zo ba.