Zaren Karfasa a Bakin Tarwaɗa

Da zarar sanyi ya fara ja da baya a ƙarshen Fabrairu, alkama ta soma nuna a gonakin Rahad, tsinkar auduga ta zo gangara, sai wani ciwo da ba ya jin allura ya kama mazan Fau ta Sudan: fatsa. Garin yana gindin duwatsu, a kan titin Madani zuwa Gadarif, kuma nan ce hedkwatar aikin noman Rahad tun da aka buɗe shi a 1977. Matafiyin da ya tsaya shan shayi a tasha ba zai yarda akwai kifi a wannan fili ba. To, akwai. Gonakin aikin, masu faɗin fadan dubu 300, ruwa biyu suke sha: na kogin Rahad mai gangarowa daga Habasha da damina, wanda ake tarewa a Abu Rakham, da na Shuɗin Nilu, wanda injuna ke ɗagowa a Meina, kusa da Singa. Ruwa kuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Da rani kogin kan yanke ya koma tafkuna, ruwan tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonaki, ya ja baya, kifi ya matsu wuri guda.

Ba zancen masunta nake ba. Hausawan Mai Wurno da na bakin madatsun Sinnar da Rusairis, masu kalli da mamari da birgi, su gadonsu ne, ba sa wasa da ruwa. Zancena na manomi ne, da direban tarakta, da malamin makaranta, waɗanda kan saɓi sanda bayan la'asar su ce za su samo na miya. Karfasa suke nema. A wannan lokaci ruwa ya yi ɗumi, namijinta na share gurbi a gefe inda babu zurfi, ga ta da ɗan ƙaramin baki. Dole ƙugiya ta zama 'yar mitsitsiya, zare siriri, a soka tana ko ƙullin asida, a ɗaura guntun kara ya riƙa yawo a sama yana tona asirin mai lasa. Haka Amurkawa ke yi wa wani kifinsu da suke kira crappie idan ƙanƙara ta narke ya matso gefe zai yi ƙwai. Mafi girman farinsa da aka rubuta, wanda aka kama a Misisifi a 1957, bai kai kilo 2 da rabi ba. Matsalarsu da tamu ɗaya ce: ƙugiya ba ta tambayar sunan wanda ya haɗiye ta. Ka jefa don karfasar da ba ta wuce tafin hannu ba, sai tarwaɗa mai kamu biyu ta amsa gayyar. A wannan ƙiftawar ido ake sanin halin mutum, abin da zaman maƙwabtaka na shekara 10 bai nuna ba.

Ga Mai Fizga. Shi duk abin da ya taɓa masa zare ya raina shi ne. Kara na nutsewa zai miƙe tsaye ya finciko da ƙarfin da ya isa tumɓuke kututture. In karfasa ce, ta tashi sama ta bi ta kansa ta faɗa audugar mutane, a shiga nema. In tarwaɗa ce, sai ka ji ƙas, zare ya tsinke, shi kuma ya zauna daɓas cikin laka. Bai taɓa yin laifi ba. Laifin na mai shagon da ya sayar masa da ruɓaɓɓen zare ne, da 'yan Sin da suka ƙera shi, da wanda ya yi tari a bayansa. In ka bincika za ka tarar igiyar aurensa ma an sha ƙulla ta.

Su kuwa Masu Shawara ba su da sanda, ba su taɓa sayen ƙugiya ba. Kana zaune kai kaɗai, ko tsuntsu babu, amma sandarka na lanƙwasa sai ga su, wani da fartanya, wani a kan jaki, wani ya bar babur a kunne.

"Ja, Kawu, ja!"

"Kada ka ja! Sassauta masa!"

"Ragon ruwa ne, wallahi na ga gashin bakinsa."

"Ina ragon ruwa a nan? Tsohuwar taya ya kamo."

Suna da shugaba, wanda ya taɓa kwana a Khashm al-Girba ya ga madatsa da idonsa, ya kuma ji a rediyo cewa a Argungu an fito da kifi mai kilo 75 a 2005. Tun daga ranar babu wanda ya isa ya yi masa musu a kan ruwa. Abin haushin shi ne shawarar gaskiya na nan cikin hayaniyar: siririn zare ba ya ɗaukar ja-in-ja. Sai a bar kifi ya gudu, a hana zaren yin sako-sako, a bar sanda ta riƙa shanye fizgar, mutum ya bi gaɓa da ƙafa har abin ya gaji. Amma mai faɗin haka murya gare shi ƙarama, mai cewa a ja kuwa ladanin unguwa ne. In kifi ya fito, duk su ce, "Ban gaya maka ba?" In ya tsere, su ce, "Ban gaya maka ba?"

Daga cikinsu ake samun Mai Rabo, wanda ya riƙe maka takalmi lokacin da ake fama. Ba ya son ya takura ka. "Yaya, ni kai kaɗai za ka yanka mini." Wanda ya san kan tarwaɗa ya san abin da aka roƙa, wuƙar kuma a hannunsa take.

Mai Tsalle ya fi su ban tsoro. Bai yarda da zare ba, bai yarda da haƙuri ba, ya yarda da ƙirjinsa. Da ya ga ruwa ya yi tambal sai ya tuɓe jallabiya ya faɗa, wai zai rungumo. Tarwaɗa santsi gare ta, da ƙaya a kowane gefe. Kurungu kuma in ya miƙe ƙayoyinsa sai su kulle, ya shiga gurnani a hannunka. Wanda ya yi rashin sa'a ya rungumi minjirya, mai wutar da kan haura bolt 300, zai fito yana salati, yana tambayar wa ya jefe shi. Wannan duk mai sauƙi ne, a yi dariya a watse. Abin da ba a yi wa dariya shi ne tsargiya, wadda ƙananan dodon koɗi ke rainon ƙwayarta a ruwan tur'a mai tafiyar hawainiya. Saboda ita da zazzaɓin sauro aka sa Rahad cikin shirin lafiya na Shuɗin Nilu da aka soma a 1979 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai Tsalle ya san da haka. Gobe ma zai faɗa.

Sai Ɗan Gayu, wanda ya dawo daga Saudiyya da sanda mai naɗi, da akwati cike da kifayen roba masu walƙiya, da hular da ba a san irinta a Gadarif ba. Kayansa kaɗai ne a duk gaɓar aka ƙera don irin wannan rana, domin naɗin kan saki zare da kansa idan kifi ya yi ƙarfi. Shi kuwa ya ɗaure wurin tamau, don kada zarensa mai tsada ya ɓata. Yakan ƙare yammacin yana warware cukurkuɗe, kafin magariba ya ari karfasar wani ya miƙa ta gaba har ta cika fuskar waya, ya sa a Facebook. Mai Laƙani kuma tofi yake wa tanarsa, yana cuɗa ƙullinsa a bayan gida kada a ga haɗin, ya dawo da buhu yana motsi a kafaɗa, ka yi masa barka ya ce, "Yau dai babu sa'a, Malam."

Sarkinsu duka Mai Labari ne, kuma shi tsinkewar zare ta fi masa kamu albarka. Kifin da ya zo hannu ana iya auna shi, a soya, ya ƙare. Wanda ya tsere kuwa ba ya daina girma. A bakin tur'a, da idon shaidu, kamu ɗaya ne. A wajen mai shayi ya zama biyu. Bayan isha'i, da aka zagayo da jabanar gahawa, ya koma giwan ruwa, irin wanda a manyan ruwaye kan kai kilo 200, shi kuma ya gamu da shi a magudanar da akuya ke tsallakewa. Ba a ƙaryata shi, domin Masu Shawara na wurin, kuma girman kifin girmansu ne. Kowa zai ƙara kamu guda ya rantse. Badi war haka zai ce an hango shi wajen Abu Rakham da ƙugiyar a leɓe, har ya gane zarensa. Da yaƙi ya kai Madani har ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, Fau ta cika da baƙin da suka baro gidajensu, kowa na kuka da tsada da cunkoso, shi kaɗai ya ci riba, ya sami sababbin kunnuwa. Ni ban ga laifinsa ba. Mutumin da ya kwana yana sauraron labarin yaƙi yana da haƙƙin a yi masa ƙaryar da ba ta kashe kowa.

Wanda kan fito da tarwaɗar a zahiri dattijo ne da ba a lura da zuwansa. Sandarsa reshe ne, zarensa ya sha ƙulli. Idan abin ya kama ba ya ko ɗaga murya. Ya miƙe a hankali, ya bi ta gabas, ya bi ta yamma, Masu Shawara na biye suna ihu, shi kamar ba da shi ake ba. Sai ta gaji ta kwanta, ya jawo ta kan laka, ya danne ta a bayan kai, nesa da ƙaya. Jama'a na kabbara, shi fuska a murtuke.

"Baba, ba ku yi murna ba?"

"Murnar me, ɗana? Karfasa aka ce in kawo, an riga an daka yaji."

Gaskiyarsa. Akwai gidajen da tarwaɗa ba ta shiga tukunyarsu, ga shi ta cinye masa lokacin da karfasa ke ci, ta miƙar masa da ƙugiya guda ɗaya da yake ji da ita.

Hukuncin ƙarshe na mai suyar kifi ne a kasuwa, wadda ba ta taɓa zuwa bakin ruwa ba, ba ta kuma sayen labari. Ta ɗaga, ta duba jan da ke cikin kunnen kifin, ta danna ciki da yatsa, ta faɗi kuɗi. A wajenta babban mai fatsa a Fau wani yaro ne mai karan dawa da zaren buhu, wanda ke kawo mata ƙananan karfasa a soke a tsinke kullum, ba fashi. In tarwaɗa ta kama masa, da kansa yake tsinke zaren ya ɗaura wata ƙugiya, don ba shi da lokacin ɓatawa. In ka sauka a Fau kana son kifi, shi za ka nema, kuma ka je kafin magariba, domin ba ya kwana da saura.