Takalman Dangin Ango

Ni malamin makaranta ne, ba mai hoto ba. Amma ina da wata Canon 600D, samfurin 2011, wadda na saya a hannun wani abokin aiki, kuma tun daga ranar duk suna da walimar danginmu suka zama nawa. Matsalarta ɗaya, batirin ya tsufa. Kafin a kai ga rabon abinci ya mutu.

Da bikin 'yar Gwaggo ya matso, sai na shiga Sabon Gari na sayo mata mariƙin batir, wannan ƙaton abin da ake ɗaura wa kyamara a gindi. Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, da wannan sai dai kai ka gaji." Bai ce mini fanko ake sayar da shi ba. Sai a gida na ga tire biyu a kwalin: ɗaya na cin batirin kyamara guda biyu, ɗayan na cin ƙananan batiran rediyo guda shida. Ni kuwa ɗaya tal gare ni, shi ma ga halinsa. Na aiki yaro shagon unguwa ya sayo mini shida masu arha.

Wurin ɗaurawa ne gumi ya karyo mini. Sai ka ɓalle murfin ramin batir gaba ɗaya, sannan ka zura dogon wuyan mariƙin cikin ramin, ka murza wata 'yar taya har kusar ta kama ramin da ake ɗaura kyamara a kan ƙafa uku. Na ja murfin nan ina salati kamar mai cire wa kansa haƙori. Da ya fita sai na jefa shi a aljihun tebur, alhali a jikin mariƙin akwai ɗan gurbin da aka yi musamman domin ajiye shi.

Ranar kamu na shiga da babbar riga, kyamara na rinjayar wuyana. Gwaggo ta dube ta, ta dubi mai hoton da aka ɗauko, wani siririn yaro da 'yar ƙaramar kyamararsa.

"Ɗan nan, ashe irin ta manya gare ka? To me ya kai mu biyan bare?"

"Gwaggo, ai batir ne kawai..."

"Rufe mini baki. Kai yaro, samu wuri ka zauna."

Yaron ya yi murmushi, ya ja kujera, ya karɓi farantin shinkafa.

Shi mariƙin nan yana da nasa maɓallin ɗauka a kusurwar ƙasa, don in ka juya kyamara a tsaye kada ka riƙa ɗaga gwiwar hannu sama. Yana kuma da ɗan makunnin da ke kashe maɓallin. Nawa a kunne yake. Ina kutsawa cikin mata, na danne kyamarar a ciki kada a bangaje ta, gindin tafin hannuna kuwa yana kan maɓallin daram. Ga shi na saita ta a ɗauka ba tsayawa, kusan hoto huɗu a daƙiƙa. Kiɗan DJ bai bar ni na ji komai ba.

Dangin ango suka iso da turare, aka yaye wa amarya mayafi, guɗa ta tashi. Na ɗaga kyamara, na danna. Shiru. Batiran shagon unguwa sun riga mu gidan gaskiya. Na durƙusa na zaro tiren, na cusa ɗayan mai tsohon batirina, ta farfaɗo, ta ce kati ya cika. Ina ƙoƙarin gogewa ta sake ɗaukewa, don tayar ta kwance, mariƙin yana lilo. Na ce bari na cire shi baki ɗaya na huta. Sai na tuna ba ta kunnuwa sai da murfi, murfin kuma yana gida.

Ina ɗagowa na ga yaron nan a kan kujera tsaye, cokali a baki, yana ta aikinsa.

Washegari Gwaggo ta sa aka kira ni, mata cike da ɗaki. Na miƙa kwamfuta ina kallon ƙasa. Takalma ne, reras. Masu tsini, masu duwatsu, silifa ɗaya da ta tsinke, gefen leshi, sababbin 'yan ɗari biyar-biyar na liƙi a kan tayil, da hannun wani yaro yana tsince su.

"Tsaya! Koma baya," in ji Gwaggo. "Wannan ai ƙafata ce. Kai, mai lallen nan ta iya aiki. Wanko mini shi babba." Ta ƙara matsowa. "Shi kuma wannan hannun, ɗan waye?"