Bazazzagina, Kai Ake Nufi

Gaisuwa mai yawa zuwa ga bawana na Zazzau, malami a bakin lasifika. Kada ka ɓata rai don na ce bawa, ba ni na raba gado ba. Tun a labarin Bayajida aka ba mu karofi, aka ba Katsinawa kasuwa, aka ba Gobirawa yaƙi, ku kuwa aka haɗa ku da harkar bayi, shi ya sa har yau sunan bai bar ku ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne jawabin da ka yi ranar walimar saukar karatun nan da ka ja ni. Ka sha rawani har da kunne, ka gyara murya sau uku kafin ka yi bismilla, sannan ka dira kan munafunci. Ka ce Musa a baki Fir'auna a zuci shi ya kashe ƙasar nan. Ka kawo Shehu Usmanu, ka kawo Sa'adu Zungur, ka kawo Malam Aminu, har wani tsoho a gefena ya share hawaye da bakin riga. Ka rufe da cewa gulma cin naman ɗan'uwa ce. Aka yi kabbara, muka shiga mota.

To, Malam, ni ne a kujerar gaba. Ba mu bar Kwangila ba ka fara da limamin da ya buɗe taro, wai ƙira'arsa ta tsofaffi ce. A Tashar Yari ka koma kan mai gidan walima, wai naman da ke cikin shinkafar sai an sa tabarau. Kafin mu kai Kwanar Ɗangora ka cinye mutum bakwai, ƙashi kaɗai ka bari. Da na ce maka, "Malam, naman ɗan'uwa fa?" sai ka ce wannan ba gulma ba ce, nazari ne. Daga ranar na san Bazazzagi ko ƙarya zai yi sai ya sa mata wasali.

Ka cika baki da cewa a garinku aka haifi adabin Hausa na boko. Ban musa ba. A Zariya aka shirya gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja, a can aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana edita. Sai dai ina tuna maka Imam ba Bazazzagi ba ne, haihuwar Kagara ne, tashin Katsina. Zama ya yi a cikinku, kuma ina zargin zaman nan ne ya ƙara masa sanin halin malaman bogi. Ka tuna a Ruwan Bagaja inda Alhaji Imam ya yi shigar malamai ya kara da Malam Zurƙe? Ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa ya ce a karanta, Zurƙe ya yi ta jero haruffa, shi kuwa ya ce jinjirin wata ne, jama'a suka bi mai ƙarya da sowa suka bar mai karatu da kunya. Kai kana karanta wurin kana dariya kamar za ka faɗo daga kujera. Ni kuwa rawaninka nake kallo.

Inda ka fi burge mutane a jawabin nan shi ne Nurul Albab na Shehu Usmanu. Gaskiya ka faɗa, Shehu ya yi wa malaman zamaninsa tatas a kan yadda suke tara almajirai a zaure suna karantarwa don a ce da su malamai, alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san hukuncin alwala ba. Kuma shi bai tsaya a faɗa ba, ga Nana Asma'u shaida, wadda ta naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. To ranar da na sauka a gidanka, uwargida ta aiko yaro ya tambaye ka wata mas'ala ta ƙabli da ba'adi. Me ka ce? Ka ce a gaya mata kana da baƙi, ta bari sai an jima. An jiman nan, na ji labari, yanzu ta shiga wata na huɗu. Shehu ya rasu a 1817, amma wallahi kamar a zaurenka ya zauna ya rubuta babin.

Sai batun Waƙar Bidi'a ta Sa'adu Zungur, wadda kake rerawa da ka duk sanda aka ce biki. Kai ne ka ce lefe ya zama annoba, ya hana samari aure. Da aka zo neman 'yarka, wa ya ce akwati shida raini ne? Ka ce ba kai ba ne, mata ne. Matan da ba ka da lokacin amsa musu ƙabli da ba'adi, su ne ka sami lokacin ƙirga atamfa da su har tsakar dare.

Littafi ɗaya ne ba ka ambata a jawabinka ba, kuma na san dalili. Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Ka taɓa ce min littattafan Kano na kasuwa ne, ba su dace da mai ilimi ba. Ashe ba kasuwar ce ta dame ka ba, Alhaji Abdu na cikin littafin ne. Mutumin da yake fita fes a idon gari, ya bar Rabi da 'ya'ya tara suna fafutukar abin da za su ci, shi yana can yana hidimar amarya. Ban ce kai ne ba, Allah ya kiyaye. Na dai lura da shafin da ka naɗe a kwafen da ka ce ba ka karanta ba.

Na san amsar da kake wasawa, bari in riga ka. Za ka ce Malam Abdullahi na Gwandu, da ya ga 'yan'uwansa masu jihadi sun karkata ga dawakai da manyan riguna da neman sarauta, ya bar su ya nufi gabas da niyyar Makka, ya yada zango a Kano, kuma a Tazyinul Waraƙat ya nuna abin da ya gudo dominsa shi ya tarar a wurinmu. Haka ne, ba zan naɗe tabarmar kunya da hauka ba. Amma mu da ya gaya mana, cewa muka yi ya zauna ya koya mana, har ya rubuta Liya'ul Hukkam. Kuma daga cikinmu Malam Aminu ya fito, wanda ya ce a ji tausayin talaka, ya mutu a 1983 a gidansa na Gwammaja bai tara abin duniya ba. Ku ma kun san shi, tunda hotonsa na rataye a falonka, daidai saman kujerar da kake zama kana rage wa mai wankinka kuɗi.

Ni ma fa ban tsira ba. A motar nan da kake cin mutane, ai ban sauka ba, har gishiri na riƙa miƙo maka. Haka muke duka: kowa ya karanta waɗannan littattafai sai ya ɗaga kai yana neman maƙwabcinsa. Marubutan sun yi aikinsu, mu ne muka mai da madubi taga. Bambancin kawai, Bakano in an kama shi yakan ce a rufa asiri a yi ciniki, Bazazzagi kuwa sai ya nemi nassi.

Ga Muharram nan tafe. Ka tanadi kuɗin sharata, kuma kada ka aiko min da wa'azi a kan falalar haƙuri a madadinsu kamar bara. Ka gai da uwargida, ka ce mata in an jiman ba ta zo ba, ta aiko da mas'alar Kano.